Rabe-raben Haɗarin Sinadarai da Matsayinsu a Rumbun Bayanan Lafiya: Sharhi Daga Ƙasar Birnin Gwari

Gayam ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari da ke yammacin Jihar Kaduna, yankin da ya yi iyaka da jihohin Zamfara da Katsina da Neja, wanda kuma arzikinsa ya dogara ga noman masara da dawa da wake, da kiwo, da haƙar zinare da aka san ƙasar da ita tun zamanin Turawan mulki, musamman a wajejen Tsohon Birnin Gwari. Kowace daga cikin waɗannan sana'o'i tana tafe da sinadaranta: maganin ciyawa da ake fesawa kafin shuka, maganin ƙwari da ake zubawa a buhun wake don kada ya huje, zaiba da masu wankin zinare ke kama ƙwayar zinare da ita, da kuma dalmar da takan zo a ɓoye cikin dutsen da ake haƙowa. Tun daga ƙarshen shekarar 2024, lokacin da Gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙulla sulhu da 'yan bindiga har aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, manoma suka fara komawa gonakin da suka ƙaurace wa a bakin daji, kuma komawar noma komawar feshi ce. Tambayar da ta taso ita ce yadda za a rubuta hukuncin da hukumomi suka yanke kan haɗarin waɗannan sinadarai a cikin rumbun bayanan lafiya, ta yadda abin da ma'aikacin ƙaramin asibiti ya rubuta game da mutumin da guba ta taɓa zai haɗu da abin da masana suka sani game da gubar.

Tsarin zubin bayanai shi ne ƙa'idar da masu kwamfuta ke shimfiɗawa tun kafin a fara tara bayani, wadda ke fayyace irin abubuwan da za a rubuta, da gurbin da kowane bayani zai shiga, da dangantakar da ke tsakanin wannan gurbi da wancan. Idan aka ce majiyyaci yana da gurbin shekaru da na nauyi da na cutar da aka gano, kuma kowace cuta tana da lambar da aka yarda da ita, to an shimfiɗa tsarin zubi ke nan. Rabe-raben haɗari kuwa su ne azuzuwan da hukumomi ke sanya sinadarai a ciki gwargwadon irin cutarwar da za su iya yi da kuma tsananinta. Masana sun bambanta ikon cutarwa da ke tattare da sinadari, wanda shi rabe-raben ke aunawa, da yiwuwar mutum ya cutu a zahiri, wadda ta danganta ga yawan abin da ya shiga jikinsa, da hanyar da ya bi ya shiga, da tsawon lokacin da ya ɗauka yana cuɗanya da shi.

Babban tsarin da duniya ke bi shi ne na Majalisar Ɗinkin Duniya da ake kira GHS, wanda tushensa ya faro daga taron muhalli na Riyo a 1992, aka amince da shi a Disambar 2002, aka buga shi a 2003, ake kuma yi masa gyara duk bayan shekara biyu, har gyara na goma ya fito a 2023. Tsarin ya kasa haɗari gida uku, wato na wuta da fashewa da makamantansu, da na lafiyar jiki, da na muhalli, ya kuma tanadi hotunan gargaɗi guda 9, irin su ƙoƙon kai da ƙasusuwa, da jimlolin gargaɗi masu lambobi. Lambar H300 tana nufin abin yana kisa idan an haɗiye shi, H330 tana nufin yana kisa idan an shaƙe shi, H350 kuma tana nufin yana iya haddasa ciwon daji. A babin gubar da ke kamawa nan take ta baki, ana duba adadin da ke kashe rabin dabbobin gwaji: abin da bai wuce miligiram 5 ga kowane kilo na nauyin jiki ba yana aji na 1, zuwa 50 aji na 2, zuwa 300 aji na 3, zuwa 2,000 aji na 4, zuwa 5,000 kuma aji na 5. Wanda ya dubi wannan jeri zai ɗauka cewa aikin mai zuba bayanai bai wuce ya buɗe gurbi ɗaya a gaban sunan kowane sinadari ya rubuta ajinsa ba.

Abin da ya hana haka shi ne GHS ba jerin sinadarai ba ne, ma'auni ne da aka bar wa kowace ƙasa ta ɗebi abin da take so daga cikinsa ta mayar doka. Tarayyar Turai, a dokarta ta 2008 mai lamba 1272, ba ta ɗauki aji na 5 na gubar nan take ba, amma a 2023 ta ƙara wasu azuzuwan da babu su a GHS, ciki har da na sinadaran da ke dagula aikin sinadaran jiki masu sarrafa girma da haihuwa. Hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka ta karɓi tsarin a 2012 ba tare da sashen muhalli ba, domin ba hurumin aikinta ba ne. A Najeriya aikin ya rabu tsakanin NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 kuma take yi wa magungunan ƙwari da na ciyawa rajista, da NESREA da aka kafa a 2007, wadda ke da ƙa'idojin sinadarai masu haɗari da magungunan feshi na 2014. Takardar bayanin tsaro mai sassa 16 da ke biyo kayan da aka shigo da su kuwa takan bi ƙa'idar ƙasar da aka rubuta ta, ko Sin ce ko Indiya ko Jamus.

Maganin ciyawan nan mai ƙone ganye cikin kwana ɗaya ko biyu, wato farakwat, wanda aka fi sani da sunan kasuwa Gramoxone, ya isa misali. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da nata rabe-raben magungunan feshi tun 1975, masu azuzuwan Ia da Ib da II da III da U, kuma ta sanya farakwat a aji na II, wato mai matsakaicin haɗari, wanda a tsarin launukan da aka daɗe ana bi yake samun rawayan zane a gindin kwalba maimakon ja, ko da yake ta rataya masa gargaɗi kan illar da ke biyowa daga baya. Dokar Turai ta ba gishirinsa lambar H330 ta kisa ta hanyar shaƙa, kotun Tarayyar ta kuma soke izinin amfani da shi a 2007. Likitoci sun san cewa kurɓi ɗaya na ruwansa mai kauri yana iya kashe babban mutum, cewa yana lalata huhu sannu a hankali cikin kwanaki ko makonni, cewa ba shi da makari, har ma iskar oksijin da ake ba mai numfashi da ƙyar tana iya ƙara masa ɓarna. Rumbun da ya rubuta “matsakaici” kawai a gaban wannan suna bai yi ƙarya ba, sai dai ya ɓatar da mai karatu.

Saɓanin da ke kan gilifoset, wanda ake sayarwa da sunaye da yawa ciki har da Roundup, na wani nau'i ne dabam. Cibiyar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, da ke birnin Liyon a Faransa, ta sanya shi a rukunin 2A a watan Maris na 2015, wato abin da ake kyautata zaton yana haddasa ciwon daji ga mutane, alhali kwamitin masana na hukumar sinadarai ta Turai, ECHA, ya yanke a 2017, ya kuma sake yankewa a 2022, cewa hujjojin ba su kai a sanya shi a ajin masu haddasa ciwon daji ba, har aka sabunta izininsa na shekara 10 a 2023. Rukunonin IARC suna auna ƙarfin hujja ne, ba sa auna ƙarfin guba, kuma ba doka ba ne a kan kowa, sannan hukumomin biyu ba su jingina ga tarin bincike iri ɗaya ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jera 2A na IARC da aji na 2 na GHS da II na Hukumar Lafiya ta Duniya a gurbi ɗaya don kawai lambobinsu sun yi kama, alhali ma'aunai uku ne da ke amsa tambayoyi uku.

Daga nan ake gane cewa ajin haɗari ba siffa ce ta sinadari kamar nauyinsa ko zafin da yake narkewa a kansa ba, hukunci ne da wata hukuma ta yanke. Mai ilimin fiƙihu ba ya karɓar fatawa sai ya san malamin da ya ba da ita, da mazhabar da ya bi, da ainihin tambayar da aka yi masa, da lokacin da aka yi ta, kuma haka ya kamata rumbun bayanai ya riƙi ajin haɗari. Ma'anar wannan a aikace ita ce a ware wa hukuncin nasa shafi mai zaman kansa, wanda zai ɗauki abin da aka yi hukunci a kansa da siffar da yake ciki, da tsarin da aka bi da bugunsa, da nau'in haɗarin da ajinsa, da hanyar shiga jiki, da hukumar da ta yanke da ƙasar da hukuncin ke aiki a cikinta, da ranar da ya fara aiki da ranar da ya daina, sa'an nan a bar sinadari ɗaya ya ɗauki hukunce-hukunce da yawa ko da sun saɓa wa juna. Hotuna da jimlolin gargaɗi suna fitowa ne daga aji, saboda haka ajin ne ya kamata a adana a matsayin tushe. Jimlar H300 kaɗai ba ta nuna ko abin yana aji na 1 ko na 2, domin duka biyun ita suke ɗauka.

Batun siffar da sinadari yake ciki shi ne ya fi shafar ƙasar Birnin Gwari, domin annobar dalma biyu da aka yi a arewacin Najeriya sun faru ne a maƙwabtanta. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yawan mutuwar ƙananan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, daga baya kuma Bagega, inda aka ƙiyasta yara aƙalla 400 suka rasu. A 2015 abin ya sake aukuwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, kudu da Birnin Gwari, inda yara 28 suka rasu a wajejen Shikira. A duka wuraren biyu sanadin ɗaya ne: ana kawo dutsen zinare mai dalma cikin gida, a daka shi ko a niƙa shi a injin niƙa, ƙurarsa ta bi tsakar gida da abinci da hannun yara. Binciken masana ilimin ƙasa na Amurka ya nuna cewa ruwa da iska sun riga sun sauya wani kaso na dalmar dutsen Zamfara zuwa nau'in da ke narkewa da sauri a ruwan ciki, wanda hakan ya tsananta gubar. Dokar Turai ta san da bambancin siffa, domin tun daga Maris na 2018 ta raba ƙarfen dalma gida biyu, garin da ƙwayarsa ba ta kai milimita 1 ba da kuma dunƙulalle, ta sanya duka biyun a ajin masu cutar da haihuwa da ɗan tayi, amma ta tsaurara wa garin iyaka har zuwa kashi 0.03 cikin 100 a duk abin da aka gauraya. Duka siffofin biyu lamba ɗaya suke ɗauka a rajistar sinadarai ta CAS, wato 7439-92-1, saboda haka rumbun da ya rataya hukunci a kan wannan lamba kaɗai ya shafe bambancin da dokar ta yi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan wuya. Dutsen da mahaƙi ya ɗebo daga rami ba shi da kamfanin da ya yi shi, ba shi da takardar gargaɗi, babu kuma wanda ya yi masa rajista, alhali an gina dokokin rabe-rabe ne a kan kayan da ake fitarwa kasuwa da sunan wani mai alhaki. Haka kwallin gargajiya da ake yi da dutsen dalma yake. A 2012 cibiyar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Bostan da dalma ta hau jininsa saboda tozalin da aka kai daga Najeriya, wanda gwaji ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Tsarin zubi mai amfani ga irin wannan yanki dole ne ya yarda da gauraye marar suna a matsayin abu, ya ba shi damar ɗaukar sakamakon gwajin da aka yi masa, ya kuma jingina hukuncin ga sinadaran da aka samu a cikinsa da gwargwadonsu.

Zaiba kuma tana nuna muhimmancin hanyar shiga jiki. Idan aka haɗiye ta a ruwanta kaɗan ƙwarai hanji ke tsotsewa, amma idan aka ƙona dunƙulen zaiba da zinare don zinaren ya rage, huhu yana karɓar kusan kashi 80 cikin 100 na tururin da aka shaƙa, shi ya sa dokar Turai ta ba ta H330 da kuma ajin lalata sassan jiki bayan daɗewa ana cuɗanya da ita. In ta shiga rafi, ƙwayoyin bakteriya sukan mayar da ita wani nau'i da ke taruwa a jikin kifi, wanda ke da nasa hukunci dabam. Najeriya ta tabbatar da amincewarta da Yarjejeniyar Minamata kan zaiba a 2018, kuma yarjejeniyar ta ware sashe na musamman ga masu haƙar zinare da hannu.

Hukunci kuma yana tsufa. Turai ta sanya garin farin sinadarin fenti, wato taitaniyam dayoksaid, a ajin abin da ake zargi da haddasa ciwon daji ta shaƙa a 2020, kotu ta soke hukuncin a 2022. Haka ma'aunin dalma a jinin yara da cibiyar Amurka ke aiki da shi ya sauko daga maikurogiram 10 a kowace desilita zuwa 5 a 2012, sannan zuwa 3.5 a 2021. Rumbun da ke goge tsohon hukunci ya rubuta sabo a kansa ba zai iya faɗin abin da doka ta ce a ranar da wani manomi ya sayi kwalbarsa ba, kuma wannan ita ce tambayar da mai bincike ko alƙali zai yi. Gurbin da aka bari fayau ma yana da illarsa, domin rashin aji yana iya nufin an gwada abin bai kai ma'auni ba, ko ba a yi gwajin ba, ko sakamakon bai yanke ba, ko kuma ƙasar ba ta karɓi wannan aji a dokarta ba. Hukumar ECHA da ta Japan suna rubuta irin waɗannan dalilai a rarrabe, kuma duk rumbun da ya haɗe su ya mayar da rashin sani tamkar shaidar aminci.

Tsare-tsaren da ake da su a fannin lafiya kowanne ya riƙe gefe ɗaya ne na al'amarin. Kundin cututtuka na duniya, ICD-10, yana da T56.0 ga gubar dalma, T56.1 ga zaiba, T60.0 ga magungunan ƙwari irin na fiya-fiya, T60.3 kuma ga magungunan ciyawa da na fumfuna baki ɗaya, abin da ya sa farakwat da gilifoset suke faɗawa lamba ɗaya duk da nisan da ke tsakanin makomar wanda ya sha wannan da wanda ya sha wancan. Kundin LOINC yana ba gwaje-gwaje lambobi, kamar 5671-3 ta gwajin dalma a jini. Ƙa'idar musayar bayanan asibiti ta FHIR tana da shafin siffanta sinadari mai gurbin rabe-rabe, sai dai gurbin lamba kawai yake karɓa, sai an yi masa ƙari kafin ya ɗauki hukuma da ƙasa da kwanan wata. Kundin ChEBI da ake kula da shi kusa da Kambirij a Ingila yana rubuta rawar da sinadari ke takawa, kamar kashe ciyawa ko haddasa ciwon daji, a matsayin bayanin kimiyya ba na doka ba. Rumbun PubChem na Amurka yana nuna azuzuwan GHS da ya tattaro daga majiyoyi da dama, har da kason kamfanonin da suka kai wa ECHA rahoton kowace lamba, kuma wannan kaso ƙidayar masu rahoto ce, ba awon ƙarfin hujja ba. Akwai kuma tsare-tsaren da suka taƙaita batun ga gurbi ɗaya na “guba ce” ko “ba guba ba ce”, tambayar da ko gishirin miya ba za a iya amsa masa ita ba sai an faɗi adadi.

Ko sakamakon gwaji yana buƙatar irin wannan kulawa. Na'urar hannu ta LeadCare II da aka yi aiki da ita a Zamfara ba ta karanta abin da ya haura maikurogiram 65 a kowace desilita ta jini, kuma yara da yawa sun zarce haka, alhali daga 45 ake fara ba yaro maganin da ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari. Idan gurbin sakamako lamba kawai yake karɓa, za a rubuta 65 ga yaron da jininsa ya ninka haka, shi ya sa FHIR ya tanadi alamar “fiye da” a gefen adadi.

Dukkan wannan gini yana tsayawa ne a kan abin da aka rubuta a teburin ƙaramin asibiti, kuma a nan ne rauninsa yake. Wanda aka kawo yana zubar da yawu, ƙwayar idonsa ta tsuke, 'yan uwansa za su ce fiya-fiya ya sha ko ya shaƙa, kuma fiya-fiya galibi daikulobos ne da aka tsiyaya daga babbar kwalba zuwa ƙarama marar takarda, wani lokaci a gauraye da kananzir, ba wanda ya san kaurinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya daikulobos a aji Ib mai tsananin haɗari, IARC ta sanya shi a rukunin 2B, NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa irin na Sniper a kasuwanni da kantuna a 2019, Tarayyar Turai kuma ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya a 2015 saboda ragowarsa da ta haura iyakar miligiram 0.01 a kilo. Huɗun nan ba jinsi ɗaya ba ne: biyu rabe-raben haɗari ne, ɗaya matakin kasuwa ne, ɗaya kuma iyakar ragowa a abinci. Haramcin da NAFDAC ta ɗora wa farakwat daga farkon 2024 shi ma matsayin doka ne, kuma gurbinsa dabam ne da na aji, domin haramci ba ya sauya ƙarfin guba, ba ya kuma kwashe kwalaben da suka riga suka shiga ƙauye. Ajin ma ba ya faɗa wa ma'aikacin lafiya abin da zai yi. Sanin dangin sinadarin ne ke nuna masa cewa atirofin ake ba mai fiya-fiya.

Najeriya tana tattara alƙaluman asibitocinta ne a manhajar DHIS2, wadda galibi jimillar wata-wata take karɓa, hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, NCDC, kuma tana bibiyar ɓarkewar cututtuka da manhajar SORMAS, kuma ba daidai ba ne a ɗora wa ma'aikaci ɗaya da ke duba mata masu ciki da yara masu zazzaɓi nauyin zaɓen bugun GHS. Abin da ya dace a nema daga gare shi kaɗan ne: sunan da mutane suka kira abin da shi kamar yadda suka faɗa, sunan kasuwa da lambar NAFDAC idan an zo da kwalbar, ko hotonta a waya, hanyar da abin ya shiga jiki, sana'ar gidan, da ko an juye maganin daga mazubinsa na asali. Haɗa wannan da ainihin sinadarin da hukunce-hukuncensa aikin rumbun jiha ne ko na tarayya, bisa jadawalin sunayen gida da masu sayar da maganin feshi da malaman gona za su taimaka a sabunta, tare da alamar da ke nuna ko an tabbatar da sinadarin ta gwaji, ko daga takardar kwalba aka karanta, ko kuwa zato ne daga bakin 'yan rakiya, domin suna ɗaya a kasuwar Birnin Gwari yana iya nufin wani sinadari bana, ya nufi wani baɗi.